Iya Mai Almakashi da Idon Zakara

Duk wanda ya fara ganin Iya sai ya ɗauka tela ce. Akwai wani ɗan almakashi da take rataye da shi a wuya da baƙin zare, ba a kuma taɓa ganinta babu shi ba, ko gaisuwar rasuwa ta je. Amma Iya ko maɓalli ta ɗinka, kafin la'asar ya faɗi. Mai maganin tari ce. Shekara arba'in da 'yan kai ta yi tana wannan sana'a a gida ɗaya, na ƙarshen layi, mai ƙofar kwano da sai an ɗan ɗaga ta take buɗuwa. Yaran layin da manyansu duk Iya Mai Almakashi suke ce mata.

Maganin nata ba daga nesa take ɗauko shi ba. Yana nan jikin katangar tsakar gidanta, wani tsiro mai yaɗo da ake kira idon zakara. Ya taso daga gindin famfo, ya kama katanga, ya nannaɗe wata tsohuwar wayar shanya, har ya leƙa gidan maƙwabta. Ganyensa ƙanana ne, a jere bibbiyu kamar na tsamiya, in ka tauna sai wani zaƙi-zaƙi ya zauna maka a harshe. Shi Iya take tsinka, ta shanya a inuwa, ta ƙulla wa masu tari da waɗanda murya ta dishe musu. Malaman makaranta da suka yi ta ihu har maƙogwaro ya ƙi, da masu kiran fasinja a tasha, da mata masu talla, duk sun san yadda ake ɗaga ƙofar nan. Amma fa Iya ba ta cika baki. In ka ce mata tarinka ya haura mako biyu, ko ka ga jini a majina, ko kujera ba za ta ba ka ba.

"Wannan ba nawa ba ne," in ji ta. "Kama hanyar asibiti tun ƙafarka tana ɗaukarka. Ni ganye nake sayarwa, ba ƙarya ba."

To, ganyen ke nan. 'Ya'yan kuwa wani labari ne daban. Idon zakara yana yin 'ya'ya a cikin kwanso irin na wake. In kwanson ya bushe sai ya tsage, ƙwayoyin su leƙo, jajaye jawur, suna sheƙi kamar an shafa musu mai, kowace da ɗigon baƙi a gefe ɗaya. Wallahi ba ka taɓa ganin abu mai kyau irinsu ba, babba ma in ya gani sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Amma ajali ne a ciki. Ɓawon ƙwayar yana da tauri ƙwarai, in an haɗiye ta sukutum takan wuce ta fita yadda ta shiga. In kuwa haƙori ya fasa ta, guda ɗaya ta isa ta kwantar da ƙato. Mugun abin ma ba ya nuna kansa nan take. Iya tana 'yar shekara tara ta ga akuyarsu ta tauna wasu da suka zubo. Akuya ta yi kwana biyu tana kiwonta lafiya lau, har ana cewa ta sha. Rana ta uku ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba.

A ranar ne mahaifiyarta ta rataya mata almakashin nan. Shekara uku cur ba a bar ta ta taɓa ganye ko ɗaya ba, aikinta kawai ta bi tsiron kowace safiya ta datse duk wani kwanso tun yana kore, tun bai yi ja ya kira yara ba. Haka ta tashi, haka ta tsufa. Da aka yi mata aure da wani kafinta, ƙwaya biyu kacal mahaifiyarta ta ƙulle mata a bakin zane, ta shuka su a gindin famfo, ɗaya ta fito. Kafintan ya yi zamaninsa ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suka yi aure nesa, gashin kanta ya yi fari fat, amma ba a yi wata safiya da ba a ji ƙas-ƙas ɗin almakashinta a jikin katangar nan ba. Ko zazzaɓi take yi sai ta rarrafo. Abin da ta datse ta zuba a wani gwangwani mai murfi, ran da ya cika ta ƙone shi a bayan gida har ya zama toka, ta binne. Kuma komai da ƙirga take yi. Iya ba ta iya rubuta sunanta ba, amma ka tambaye ta kwanso nawa ta yanke jiya, za ta gaya maka ba tare da ta ɗaga kai ba.

Masu neman ƙwayar ba su fasa zuwa ba. 'Yan mata suna so su yi sarƙar wuya, ta kore su da faɗa. Wani mutum ya taɓa zuwa da tsakar rana, yana magana ƙasa-ƙasa, wai guda biyar kawai yake so, ba zai faɗi abin da zai yi da su ba. Iya ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauko tsintsiya. Har bakin titi ta raka shi, kuma duk layin sun ji abin da ta kira shi.

Gidan yanzu su huɗu ne. Akwai ɗanta, direban motar haya, wanda yake fita da sassafe ya dawo a gajiye. Akwai matarsa, da kowa yake kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, mace mai tsafta da kawaici. Sai 'yarsu, 'yar shekara huɗu, wadda Iya ta laƙaba wa Tarwaɗa, don ba mai iya riƙe ta. Ka kama ta nan, ta sulluɓe ta ɓullo can. Ita da Iya ƙawaye ne, "ƙawata" suke ce wa juna, kullum cikin tsiya suke. Uwarta ta koya mata ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin, ta mayar da shi waƙa, tana yi tana tsalle, alhali in ka ajiye mata cokali uku ka ce nawa ne sai ta ce bakwai.

Malama ba ta taɓa son tsiron nan ba. Sau biyu ta yi maganarsa, cikin ladabi, kanta a ƙasa: sau ɗaya da cikin Tarwaɗa, sau ɗaya da yarinyar ta fara rarrafe.

"Iya, da an sare shi. Gabana faɗuwa yake."

"Haba Malama," in ji Iya. "Yara uku na raina a ƙarƙashinsa, har da mijinki mai ƙaton kan nan. Wanne ya taɓa ganin jar ƙwaya da idonsa? Muddin ina numfashi ba za a ga ja a katangar nan ba."

Gaskiya ta faɗa, har zuwa shekarar da gara ta shiga gindin tsiron. Iya ta tona ta ga saiwar ta fara ruɓewa, rassa biyu sun bushe. Hankalinta ya tashi. Tsiron nan shi ne abin da ya rage mata na mahaifiyarta, shi ne kuma sana'arta. Ta yi ta juya abin a ranta, daga ƙarshe ta yanke shawarar da ba ta taɓa yankewa ba: za ta bar kwanso huɗu su nuna, ta sami iri. Ta zaɓi waɗanda suke can sama, inda ita kanta sai ta taka benci take kaiwa. Don kada su tsage ƙwaya ta zubo, sai ta nemi abin da za ta rufe su da shi. Ta laluba cikin kwandon tsumma, hannunta ya faɗa kan wata 'yar safa ruwan ɗorawa mai hoton agwagwa, wadda 'yar'uwarta ta ɓace tuntuni. Ta zura reshen a ciki ta ɗaure bakin tam. Dabara ce mai kyau, kowa ya gani zai yaba. Abu ɗaya kawai Iya ta manta: safar tana da mai ita.

Ranar wata Talata, Direba ya fita, Malama ta tafi makaranta, aka bar Tarwaɗa wurin kakarta kamar kullum. Iya ta jawo benci ta hau, ta kwance safar ta leƙa. Kwanson duk sun tsage. Ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannu ta ƙirga: goma sha tara. Ta sake ƙirgawa: goma sha tara. Tana shirin saukowa ta ɗauko kwalba sai aka hau dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Wata mata ce ta kawo tsohon mahaifinta, tari ya sarƙe shi har idonsa ya firfito. Iya ta mayar da ƙwayoyin cikin safa, ta maƙale ta a reshe ba tare da ta ɗaure ba, ta ce a ranta yanzu za ta dawo. Ta sauko da sauri, ta bar bencin a wurin.

Yanzu-yanzun nan ya ci rabin awa. Sai da ta zaunar da tsohon, ta saurari ƙirjinsa, ta gaya wa 'yarsa wannan ma na asibiti ne, ta tsayar musu da mota. Da ta dawo tsakar gida sai ta tarar da Tarwaɗa zaune a kan benci tana lilo da ƙafa, ƙafa ɗaya sanye da safa ruwan ɗorawa. Ƙasa kuwa ja ne warwatse ko'ina.

"Ƙawata, ashe ke kika sace min safata," in ji Tarwaɗa. "Kuma alawarki ba daɗi. Tauri gare ta."

Iya ta ruga wurinta. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta buɗe bakin yarinyar, ta zagaya da yatsa ƙarƙashin harshe da bayan kumatu. Babu komai.

"Kin tauna?"

"Ta ƙi taunuwa."

"Nawa kika haɗiye?"

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar..." Tarwaɗa ta kama waƙarta tana dariya.

Iya ta bi ƙasa da tafin hannu, taku bayan taku. Ta ɗaga benci, ta kakkaɓe rigar yarinyar, ta tuɓe safar ta juya ta, ta zura hannu cikin magudanar famfo. Ta tara abin da ta samu a kwalba ta ƙirga sau uku. Goma sha shida. Uku suna cikin jikarta, kuma ba ta san ko haƙori ya taɓa su ba.

Ta saɓi yarinyar ta fito ko mayafi babu. Kafin ta kai bakin layi mata sun taru, kowa da nasa. Wata ta ce a ɗura mata madara, wata ta ce mai, wata ta ce a sa mata yatsa ta yi amai. Matar mai shago ta ce, "Ikon Allah! Iya, ke da kike mai magani? Ba ki da makarinsa?"

"Ba ni da shi," in ji Iya. "Uwata ma ba ta da shi. Duk wanda ya ce muku yana da makarin wannan, maƙaryaci ne. Ku ba ni hanya."

"Amma ga yarinya tana wasanta..."

"Na ce ku ba ni hanya!"

Mai faci na bakin titi ne ya ajiye tayar da yake gyara, ya tayar da babur ɗinsa. Iya da ta rantse ba za ta taɓa hawa babur ba, ranar ta hau, jika a ƙirji, kwalba a hannu, almakashi yana dukan ƙashin wuyanta.

Likitar da suka tarar a ɗakin yara matashiya ce, siririya, da gilashi. Iya ta ajiye mata kwalbar a tebur ta yi bayani ba kwana-kwana: ƙwaya goma sha tara ne, ga sha shida, uku sun shiga, ba a fi awa ɗaya ba, busassu ne masu tauri, yarinya ta ce ta gwada taunawa. Likita ta ɗaga kwalbar ta duba, ta ce ita a littafi kawai ta taɓa ganinsu.

"Mama, kin tabbata da ƙirgan nan?"

"'Yata, da sunana kika tambaye ni wataƙila in yi kuskure. Sha tara ne."

Aka ɗura wa Tarwaɗa wani baƙin magani kamar garin gawayi, ta yi ta tsala ihu tana cewa ƙawarta ta ci amanarta. Aka ɗebi jininta, aka sa mata ƙarin ruwa, aka ba ta abin da zai wanke ciki. Likita ta ce ba su da allurar da take kashe wannan dafin, abin da za su iya shi ne su sa ido, su tallafi jikin in ya fara nunawa. Babban abin da take so ta sani shi ne ko ƙwayoyin za su fito lafiyayyu. Don haka duk bayan gidan da yarinyar ta yi, sai an bincika.

"Wannan aikina ne," in ji Iya.

Malama ta iso da garin alli a hannun rigarta, ko jaka ba ta ɗauko ba. Ta rungume 'yarta ta daɗe. Da ta ɗago, ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi.

"Iya, sau biyu na roƙe ki," ta ce.

"Kin roƙe ni, ban ji ba. Laifina ne, ba na kowa ba."

Daga nan Malama ba ta ƙara ce mata uffan ba. Gado ɗaya suke jinya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, amma in Malama tana son kofi sai ta zagayo ta ɗauka da kanta. Abin ya yi wa Iya ciwo ƙwarai, ta kuma san ta cancanta.

Akwai wani famfo a bayan ɗakin yaran, kusa da inda ake shanya zannuwan gado. Nan Iya ta mayar wurin aikinta. Ta sa mai faci ya sayo mata 'yar rariya da fo. Duk sanda Tarwaɗa ta zauna a fo, Iya za ta ɗauka ta nufi famfo, ta juye a rariya, ta sakar masa ruwa a hankali tana motsawa da tsinke. Wata nas ta ba ta safar hannu, ta sa sau ɗaya ta cire, ta ce ba ta jin komai da ita, ƙwaya za ta iya wucewa ba ta sani ba. Masu jinya suna wucewa suna toshe hanci. Iya ko a jikinta.

Washegari da hantsi ta farko ta fito, ja jawur kamar ba ta je ko'ina ba. Iya ta wanke ta, ta juya ta a rana, ta danna da farce. Lafiya lau. Bayan azahar ta biyu ta biyo, ita ma ko ƙwarzane babu. Tarwaɗa kuwa tana ta tsalle a kan gado da robar ƙarin ruwa a hannu, ta hana kowa sakat, har ta laƙaba wa wata nas suna Mai Allura.

Da yamma Direba ya zo. Kwana biyu bai ɗauki fasinja ba, idonsa ya yi zuru-zuru. Ya dubi 'yarsa tana wasa, ya ja mahaifiyarsa gefe.

"Iya, don Allah ki yi tunani. Ko dai sha takwas ne? Idonki fa ba kamar da ba ne. Ga yarinya garau, biyu sun fito. Ki ce wataƙila, mu tafi gida, kowa ya huta."

Malama tana jinsu, ta ɗago kai a karon farko tana kallon bakin Iya. Kai, ranar Iya ta ga jarrabawa! Kalma ɗaya ce, wataƙila. Da ta faɗe ta, da an naɗe tabarma, da ɗanta ya saki fuska, da surukarta ta sami abin da za ta riƙe ta yi barci. Ita kanta ba abin da take so a duniya kamar a ce ta yi kuskure. Ta rufe ido ta sake ganin tafin hannunta a kan benci, da jajayen ƙwayoyin a jere. Ta tuna akuyar nan da ta yi kwana biyu tana kiwo.

"Sha tara ne," ta ce.

"Iya..."

"Ko za ka daina gaishe ni, sha tara ne. Akwai ɗaya a cikinta."

Direba ya buga tsaki, abin da bai taɓa yi a gabanta ba, ya fice. Likita da take rubutu a gadon kusa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ni da ƙirgan Mama zan yi aiki. Ba inda za ku."

Rana ta uku Tarwaɗa ta tashi shiru. Aka ba ta shayi da burodi ta kawar da kai. Ta kwanta ta naɗe ƙafafu ta ce cikinta yana ciwo. Ba waƙa, ba tsiya, ko "ƙawata" ba ta ce ba. Malama ta fita da gudu kiran likita. Iya ta zauna a bakin gado, tana shafa kan yarinyar tana addu'a a zuci. Abin da take roƙo ɗaya ne: in rai za a ɗauka a gidan nan saboda wannan ganganci, ga nata, ta ci zamaninta. Aka sake ɗibar jini, aka ce a jira.

Wajen azahar Tarwaɗa ta ce za ta yi kashi. Iya ta ɗauki fo ta nufi famfo. Ta ji takun mutum a bayanta, ta waiga, Malama ce. Iya ta juye, Malama ta murɗa famfon. Ruwa yana zuba, tsinke yana motsi, har aka kusa gamawa babu komai. Can a gefen rariya, wani ɗan ja ya leƙo.

Iya ta ɗauko ta ta wanke. Ta ɗaga ta a rana, amma idonta ya cika da ruwa, ba ta ganin komai sai ja. Ita da ta yi shekara sittin tana duban abin nan, yau ya gagare ta.

"Malama, duba min," ta ce. "Idona ya ƙi."

Malama ta karɓa ta juya a hankali. "Akwai shaidar haƙori, Iya. Nan wajen baƙin."

"Ya shiga?"

Malama ta kai ta dab da ido, ta daɗe. "Bai shiga ba. Ya dai kankare launin."

Suka kai wa likita, ta duba da madubi mai ƙara girman abu, ta ce ɓawon bai fashe ba. Sakamakon jini ya dawo lafiya. Ciwon cikin kuwa, in ji ta, maganin wankin ciki ne ya gajiyar da yarinyar. Za ta riƙe su ƙarin kwana ɗaya don hankali ya kwanta. Sannan ta dubi Iya ta ce da duk masu kawo mata yara suna kawo bayani irin wannan, da aikinta ya yi sauƙi.

Iya ta koma famfo don ta wanke rariya, ta zauna a kan dakalin da yake wurin. Malama ta zo da sabulu. Ta durƙusa a gabanta, ta kamo hannayen nan biyu da suka kwana uku cikin ƙazanta, ta shiga wanke su, yatsa bayan yatsa, har ƙarƙashin farce. Iya ta so ta janye.

"Bari, Iya," in ji Malama. "Da kin ce wataƙila jiya, da na yarda. Wallahi da na yarda."

Da suka koma gida, Iya ta ɗaga ƙofar kwano ta shiga, sai ta tsaya cak. Katangar fayau take. Babu ganye, babu reshe, sai tsohuwar wayar shanya da wani ɗan kututture a gindin famfo. Direba yana tsaye a gefe yana sosa ƙeya.

"Iya, ni na sare shi. Shekaranjiya, da raina ya ɓaci. Ki yafe min."

Iya ta daɗe tana kallon wurin. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, ta ji zafinsa har cikin ƙashi, ba ta kuma ɓoye ba, ta share ido da bakin zane.

"Ka riga ni ne kawai," ta ce. "Hura min wuta a bayan gida."

"To masu tari fa?"

"Akwai shi a bakin rafi, bayan gari, yana yaɗo a kan ƙaya. Ƙafata ba ta mutu ba."

Haka kuwa aka yi. Har yau duk ranar da ganye ya ƙare, za ka ga Iya ta kama hanyar rafi da kwando, tafiyar awa guda, tana ɗingishi tana mita. Can ma ba ta iya wuce kwanso ta ƙyale shi. Tsiron da ba nata ba, a jejin da ba na kowa ba, sai ta tsaya ta datse duk wanda hannun yaro zai iya kaiwa.

Amma a ranar, da wuta ta kama, ta fito da kwalbar nan. Iri ke nan da ya rage na tsiron mahaifiyarta a duk duniya. Malama tana tsaye da Tarwaɗa a kafaɗa, ta ce a hankali, "Iya, ko ki bar guda ɗaya? Mu nemi wani wuri nesa a shuka."

Iya ta girgiza kai. Ta zazzage su a tafin hannu ta fara jefawa a wuta ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya zama shaida. Tarwaɗa ta ji ana waƙarta, ta kama tana bi. Sha shida. Sha bakwai. Sha takwas. Ta ƙarshe ita ce mai shaidar haƙori. Iya ta dube ta sau ɗaya, ta jefa.

"Sha tara," ta ce, ta buɗe tafin hannunta kowa ya ga babu komai.

"Ashirin!" in ji Tarwaɗa.

Gaban Iya ya yanke ya faɗi, har ta kai hannu ƙasa za ta fara lalube. Sai ta ga yarinyar tana tafi tana ƙyalƙyala dariya, ta kai ƙarshen waƙarta ke nan. Direba ya fashe da dariya, Malama ma ta kasa riƙewa.

"Ke Tarwaɗa, rufa min asiri!" in ji Iya. "Kashe ni za ki yi?"

Ta karɓe ta daga kafaɗar uwarta ta ƙanƙame, tana dariya hawaye suna zuba, har yarinyar ta fara mutsu-mutsu tana cewa almakashi yana tsikarinta.